Ƙaramar Tukunyar Surukata

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu mai ceto, iyayena da 'ya'yana na wannan zumunta. Da a gida muke, a gindin murhu, da sai in ce ga ta nan ga ta nanku, ku kuma ku ce ta zo mu ji ta. To wannan ba tatsuniya ba ce, a jikina aka yi ta. Ku gyara zama, mai waya ya kife wayarsa, tsohuwa za ta yi magana.

Sunana Hannatu. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango sai in wuce shi ban gaishe shi ba. An yi mini baftisma tun ina budurwa, a rafin garinmu can ƙasar Bauchi. Amma ku ji gaskiya: ni na shiga ruwan, tsorona ya tsaya a bakin gaɓa yana jirana, da na fito ya sake hawa bayana.

A garinmu akwai ƙa'ida. Wanda ya ba ka abinci, shi zai fara kai loma bakinsa a gabanka. Wanda ya miƙo maka ƙwarya, shi zai fara kurɓa. Ba a tambaya, ba a jin haushi, haka aka tarar. Maigidana, baban su Iliya, ya karya ƙa'idar nan sau ɗaya, a wajen wani biki, lokacin ana rigimar gona. Ya dawo yana riƙe da ciki. Bai ga girbin shekarar ba. Likita ya faɗi nasa, mutanen gari suka faɗi nasu, ni kuwa na gari na ɗauka. Tun daga ranar ban ƙara haɗiye abin da ban ga mai shi ya haɗiya ba.

Iliya shi ne autana. Ya zo ƙasar Turawan nan karatu, ya zama nas, ya daɗe bai waiwayi gida ba. Mata a rijiya suna cewa, "Hannatu, anya ba kurciya aka yi wa yaron nan ba?" Ina cewa a'a da baki, cikina yana cewa e. Sai ga labari wai ya yi aure, ya auri 'yar Habasha, sunanta Selam. Kirista ce, in ji shi. Na ce to.

Da ya aiko na zo, sai ya kai ni gidansa a McLeansville, can bayan gari. Ku da kuke unguwar Glenwood kuna ganin mutane suna wucewa a ƙafa, ku gode wa Allah. Can gida ɗaya nan, gida ɗaya can, sai fili, sai itatuwa, sai mota ta wuce fuu. Ko ihu ka yi, tsuntsu ne zai amsa. Iliya ya fita aiki tun safe, a bar ni da yarinyar nan, ba ta jin Hausa, ba na jin Turanci. Ta rusuna ta ce, "Mama." In ce, "Na'am." Hirarmu ke nan ta yini guda.

Ban daɗe da zuwa ba suka kai ni asibiti a duba ni. Likita ya yi ta magana, Selam tana gyaɗa kai, Iliya yana gyaɗa kai. Na ce, "Me ya ce?"

Iliya ya ce, "Ba komai, Mama. Ɗan hawan jini ne da suga. Ki dai riƙa shan ƙwayoyinki."

Magana mai tsawon igiyar guga, aka ba ni guntu. Na riƙe wannan a raina.

Bayan wannan ne na ga ƙaramar tukunya. Da can tukunya ɗaya ake ɗorawa. Yanzu sai in leƙa kicin in ga biyu: babba tasu, ƙarama tawa. Cokalin da ya shiga babba ba ya shiga ƙarama. Kuma na gan ta da idona tana daka wasu 'yan ƙwayoyi a ƙaramin turmi, masu kamar dawa amma ba dawa ba, ta zuba kaɗan a babba, ta cika hannu ta zuba a tawa. Ta yanka wani ɗanyen ganye ta barbaɗa a kai. 'Yan'uwa, duk wanda ya taɓa murtsuke kuɗin cizo a tabarma ya san warin ganyen nan. Na ce wane irin abinci ne ake sa masa warin kuɗin cizo, in ba don a ɓoye wani warin ba?

Ta jera a tire, ta kawo mini har ɗaki, ta ajiye, ta ja da baya ta fita. Ba ta taɓa kai ko yatsa bakinta ba. Ba ta taɓa zama ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Na soma bincike. Ɗakina yana jikin garejin mota, da ƙofa a tsakani. Ran nan na buɗe ƙofar, na ɗaga kai, sai me zan gani? Dami-dami na busasshen haki, an ɗaure da jan ƙyalle, an rataye su kansu yana kallon ƙasa, daidai saman ƙofar da nake kwana a bayanta. Ku 'yan gida, ku gaya mini, a garinku me ake nufi da wannan? Na miƙa sandar tsintsiya na taɓa ɗaya, sai ƙwayoyin nan suka zubo mini a ka. Su ne dai na turmi. Na tsince su na ƙulle a bakin zane.

Na ce shi ke nan. An gama da ɗa, an juyo kan uwa.

Na daina ci. In ta kawo, in ce na gode, in jira ta shiga wanka ko ta fita, in zagaya bayan gida in juye a gindin itatuwa, in dawo da kwano fes. Ina rayuwa da ruwan famfo da ɗan garin rogo da na zo da shi, da biskit in Iliya ya buɗe sabo a gabana. Kullum sai na je na duba wurin da nake juyewa ko zan ga gawar wani abu. Wata safiya na ga mataccen kurege a bakin titi. Mota ce ta take shi, a fili take, har da sawun taya. Amma na ce, to me ya hana shi gudu?

Ban gaya wa Iliya ba. Wanda aka mallake ba a kai masa ƙarar mai mallakarsa.

Akwai shagon da yake kai ni ran Asabar, na wata Hajiya Zali, mutuniyar Damagaram, inda ake samun daddawa da kuka. Ita kaɗai nake samun Hausa a bakinta in ba a coci ba. Na faki idon Iliya na ja ta bayan buhunan shinkafa, na kwance bakin zane.

Na ce, "Hajiya, ke kin ga duniya. Mene ne wannan?"

Ta duba, ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce, "Mama, wannan ai kusbara ce. Kayan ƙamshi ne. Ga ta can a kanta, kusa da citta. Surukarki ma a wajena ta sayi irin da ta shuka. Bon, to nawa za a auna miki?"

Na ce, "A wajenki ta saya?"

Ta ce, "Wallahi. Yarinya mai ladabi."

Na ɗaure bakin zanena. Na ce a raina, ashe nan ce kasuwar. Daga ranar ko daddawar Hajiya ban ƙara yarda da ita ba.

Garin rogo ya ƙare. Zane ya soma zagaya ni sau biyu. Kuma ina nan ina shan ƙwayoyin suga kamar yadda aka ce, a kan cikin da babu komai. Wata rana da hantsi na fita juye abinci, ina tsaye a gindin itace sai na ga ƙasa ta taso ta same ni. Ban san sauran ba. An ce Selam ce ta hango ni ta taga, ta fito ba takalmi, ta kira motar asibiti. An ce da ta ƙara jimawa a wanka, da sai dai a aika gida a ce a yi haƙuri.

Kuma a wurin ta ga tulin abincin da na yi ta juyewa.

A asibiti Iliya ya zauna a bakin gado, idonsa ja wur. Ya ce, "Mama, me ya sa?"

Na ce, "Ba na jin yunwa."

Ya ce, "Ni nas ne, kada ki gaya mini haka. Likita ya ce in kika ci gaba, jikinki ba zai kai ko'ina ba. In ba za ki ci a gidana ba, dole in kai ki gidan tsofaffi inda za a tsaya a kanki, ko in mayar da ke gida wajen su Yaya. Ba zan dawo daga aiki in tarar da gawarki a bayan gida ba. Ki zaɓa."

Na juya fuska bango. Na ce a raina, ka ji aikin magani. Abin da ake so ke nan, a raba ni da shi.

Da aka sallame ni, Mama Pasto ta zo duba ni, ga ta nan zaune, in na yi ƙarya ta tsayar da ni. Ta rufe ƙofa ta ce, "Mama Hannatu, ni ba likita ba ce, ba kuma ɗanki ba ce. Gaya mini."

Na kwance bakin zane na zuba mata a tafin hannu. Na ce, "A tara masu addu'a a ƙone wannan."

Ta duba. Ta ɗauki ɗaya ta jefa a baki. Na kama hannunta, ta riga ta tauna. Ta ce, "In na faɗi, ki gaya wa Pasto miyarsa tana firji, ya ɗumama."

Na ce, "Ba abin wasa ba ne."

Ta ce, "Na sani. Kin san tsabar nan tana cikin Maganar Allah?"

Ta buɗe ta karanta mini labarin Isra'ilawa a jeji, lokacin da guzurinsu ya ƙare suka yi ta gunaguni. Yadda da safe, in raɓa ta ɗauke, sai su tarar da wani abu a ƙasa, ƙanana, farare. Su tattara, su niƙa a dutse ko su daka a turmi, su dafa. Ta ce da mai rubutu ya rasa yadda zai kwatanta abin nan, wato manna, ga wanda bai gani ba, sai ya ce ta yi kama da wannan tsaba da ke hannunta, don kowace mace a ƙasarsu ta san ta a kicin.

Na ce, "A gida riɗi aka karanta mana."

Ta ce, "Don mu gane ne, mu da muka san riɗi. Amma wannan ce suka sani a can."

Na ce a raina, yau ga Littafi ma an sake masa miya. A fili kuwa na ce, "An ce kama suka yi, ba a ce ita ce ba. Maciji ma ya yi kama da igiya."

Ta ce, "Gaskiyarki."

Ba ta yi gardama da ni ba. Da ta yi, da na ci ta, don na kwana biyu ina shirya amsoshi. Can sai na ji bakina ya yi tambayar da ban shirya ba. Na ce, "Ranar farko, wa ya ɗanɗana musu?"

Ta ce, "Ba a rubuta ba."

"Sun ga mai dafawa?"

"Ba su gani ba."

Sai na ga wata mace a jejin nan, irina, mai yara a gindinta suna kukan yunwa. Ta fito da safe ta ga abu a ƙasa, ba ta san sunansa ba, uwarta ba ta taɓa dafa shi ba, babu wanda zai fara kai loma a gabanta. Ko ta tsuguna ta tsinta, ko ta binne 'ya'yanta. Ta tsuguna.

Mama Pasto ta ce mu yi addu'a. Ta yi tata, ban ji rabinta ba. Da ta ce amin, sai na sauko daga gado na durƙusa, gwiwoyin nan suna ƙara, na yi tawa da yarenmu, wanda rabona da yin addu'a da shi tun ina yarinya. Na ce, "Uba, na gaji da gadin kaina. Tun ranar da aka binne mijina nake tsaye a ƙofar bakina da sanda, kuma ga inda gadin ya kawo ni. Ban san zuciyar yarinyar nan ba, kai ka sani. In mutuwa ce a tukunyar, in mutu a hannunka. In rai ne, kada ka bar ni in juye shi a gindin itace."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da na ji kawai, yunwa. Yunwa irin ta mai noma. Yabo ga Ubangiji!

Da azahar Selam ta kawo tire, Iliya yana bayanta, don ya ɗauki hutu ya tsare ni. Ta ajiye za ta ja da baya, na kama bakin rigarta na nuna mata kujera. Ta dubi mijinta, ta zauna a ɗofane. Na ɗauki cokali. Na ɗebi miya. Na rufe ido na kai baki, na haɗiye. Na zauna ina jiran abin da zai zo.

Abin da ya zo, na buɗe ido na ce, "Iliya, babu gishiri."

Ya fassara mata. Yarinyar nan da ban taɓa jin muryarta ta wuce ta kurciya ba, sai ta miƙe tsaye, magana tana zuba, tana nuna kicin, tana nuna shi, tana nuna ni.

Na ce, "Me take cewa? Kuma kada ka ba ni guntu."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Ta ce likita ne ya hana ki gishiri da magi tun ranar farko. Shi ya sa take dafa naki daban. Ta ce abinci ba gishiri ba ya ciyuwa, shi ya sa take ƙara miki kayan ƙamshin nan, haka kakarta take yi wa kakanta. Ta ce a garej take shanya irin don nan ne babu damshi."

"To me ya hana ta ci a gabana?"

Ya ce, "Ni na hana ta. Na ce mata a wajenmu suruka ba ta ci a gaban uwar miji, ba ta zama. Na ce ta ajiye ta fita."

Na ce, "Kai ɗan gidan wa? Ka manta yadda ubanka ya tafi?"

Ya ce, "Ina ƙarami, Mama. Kunya na tuna, ban tuna ɗanɗanawa ba."

Sai Selam ta tambaye shi me muke cewa. Na ce ya gaya mata duka, har abin da na zata. Ya ce, "Mama, a bar wannan." Na ce a'a, a faɗa. Ya faɗa. Ina kallon fuskarta lokacin da maganar ta isa. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni, ta ɗauki tirenta babu kwanon, ta fita.

Kada wani ya ce muku in Allah ya kwance ka, kowa zai taso da guɗa. Yarinyar nan ta daina ce mini Mama. Tana dafawa, Iliya yake kawowa. Ina cinyewa tas, ina aika kwano, ba amsa. Ganyen itatuwa ya yi ja, ya zube, muna nan a haka. Na ce wa Iliya ya ba ta haƙuri, ya ce ya bayar, ta ce ta ji. Ban ga laifinta ba. Wanda ya ɗauke ka daga ƙasa ba takalmi, ka ce masa maye, ai sai ka jira.

Wata Lahadi bayan sujada, ina zaune a falo, sai ga ta da faranti ɗaya babba, da irin wainarsu mai faɗi mai tsami, da miya a kai. Ta ajiye a ƙasa ta zauna ta naɗe ƙafa. Ta gutsura ta ci, idonta cikin nawa, kamar mai cewa kin gani? Sannan ta sake gutsura, ta naɗe miya a ciki, ta miƙo hannu har bakina.

Na ja da baya na ce, "Iliya, ni jaririya ce?"

Ya ce, "Haka suke yi wa wanda suke girmamawa. In kika ƙi, wallahi ni ba ruwana."

Na buɗe baki. Lomar ta yi girma, na kusa shaƙewa, hawaye yana zuba, ita tana buga mini baya tana cewa, "Mama, Mama." Ba a ƙara maganar gidan tsofaffi ba.

To ga yadda kowa ya ƙare. Iliya yana nan yana aikinsa, kuma yanzu in likita ya yi magana sai ya fassara mini ita da tsawonta, ko zai makara. Hajiya Zali na je na gaya mata abin da na ɗauke ta, ta ce da ta iya asiri da ta fara yi wa masu karɓar haya, har yau in na shiga shagon sai ta ce wa mutane, "Ku matsa, ga 'yar sanda ta zo." Mama Pasto ba ta faɗi ba, ga ta nan ta ƙara ƙiba. Ni kuwa jini ya sauka, suga ya kwanta, zane ya koma zagaye ɗaya.

Selam ga ta can a baya kusa da ƙofa, ba ta jin ko ɗaya cikin abin da nake faɗa, kuma kun ga yadda ta yi nauyi. Haihuwa ta kusa. Ta ce ba ta son kowa ya yi mata jego sai ni. Shekaranjiya na gwada dama mata kunun kanwa don ta saba. Ta leƙa kofin, ta shinshina, ta ga ina jefa wani farin dutse a ruwa, sai ta kira Iliya a waya wai ya tambaye ni mene ne wannan.

Na ce ya gaya mata ta yi addu'a ta sha.

Na gode wa Yesu da ya karɓi sandar gadi daga hannuna. Wanda ya zo nan yau da abin da ya ƙulle a bakin zane, ya kwance shi a gaban Ubangiji tun ƙasa ba ta taso ta same shi ba. Shi mai aminci ne. Amin.